Akwati uku na dawo da su Damagaram

A kan iyakar Ɗan Barto ma'aikacin duwan ya yi mini tambayar da na yi kwana goma ina gudun ta. Ya leƙa bayan mota ya ga akwati uku, ya dube ni ya ga ni kaɗai ne, sai ya ce, "Alhaji, ina masu sauran kayan?" Na buɗe baki, magana ta ƙi fita. Direban da ya ɗauko ni daga Kano ne ya ja shi gefe ya raɗa masa. Mutumin ya dawo ya dafa kafaɗata, ya ce Allah ya jiƙan su, ya sa can ta fi nan. Ko zif ɗaya bai zuge ba, ya ɗaga mana hannu muka wuce.

Ba zan faɗi sunayen masu akwatunan ba, don iyalansu suna nan kuma ban nemi izininsu ba. Zan kira su da abin da muke kiran su a fada, Dogo da Mushe.

Fadarmu a Birni take, gindin wani bedi da ke kallon duwatsu, kuma tun muna 'yan sakandare muke zama a wurin. Mu huɗu ne muka ɗore bayan aure da aiki sun watsa sauran. Dogo yana da shagon kayan gini kusa da kasuwar Dole, yana zuwa Dubai da Sin sarin kaya, shi ne wanda ya san jirgi a cikinmu. Mushe malamin kimiyyar halittu ne, haka ɗalibai ke kiran malami da Faransanci, shi ya sa sunan ya bi shi har gida, har mahaifiyarsa Mushe take ce masa. Akwai Liman, wanda ba limamin kowane masallaci ba ne, shi dai ke jan mu sallar magariba a kan tabarmar fada. Sai ni, mai riƙe da lissafin kuɗi a wani kantin magani.

Maganar tafiya daga bakin Mushe ta fito. Mutum ne da in ya fara zancen dabbobi shayi na iya ƙonewa bai sani ba. Ya taɓa zuwa Kure, kusa da Yamai, don ya ga raƙuman dawan da suka rage a Afirka ta Yamma, ya dawo ya yi wata guda yana ba mu labari. Amma abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne ƙaurar wasu dabbobi masu kama da shanu, masu gemu, waɗanda mutanen Kenya ke kira nyumbu. Sun haura miliyan ɗaya, kowace shekara tsakanin Yuli da Oktoba suna tasowa daga Serengeti ta Tanzaniya su shigo Masai Mara ta Kenya suna bin ciyawa, su faɗa kogin Mara kadoji na jiran su. Wani dare ya ce mana, "Shekara 15 ina zana wa yara wannan abu a allo, ban taɓa ganin shi da idona ba." Dogo ya ce to me zai hana. Daga wasa muka kafa adashe, jikka hamsin ta sefa kowane wata, muka yi shekara uku muna zubi. Ana saura wata huɗu Liman ya janye, matarsa na da tsohon ciki kuma damina ta ci masa rufin ɗaki. Muka yi ta yi masa tsiya. Yau in na tuna tsiyar nan sai in yi shiru.

Cikin Agusta muka tashi, lokacin hutun makaranta. Kano muka bi don ta fi mana kusa da Yamai nesa ba kusa ba, daga can Addis Ababa, daga can Nairobi. Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne sanyi. Mun baro Damagaram ana zufar damina, muka tarar da gari a kan tudu, sama da mita 1,600 bisa teku, kuma Yuli da Agusta su ne hunturunsu. Sama a rufe, hazo da safe kamar an tafasa ruwa. Dogo ya sayi rigar sanyi a bakin titi, hannunta bai kai masa wuyan hannu ba.

Daren da za mu wuce daji muka yi gardama a masauki. Hanya biyu ce. Ko mota, awa biyar zuwa shida, ko ƙaramin jirgi da bai cika awa ɗaya ba. Dogo ya ce shi bai tara kuɗin shekara uku don mota ta karya masa baya ba. Mushe yana son ya ga garken daga sama. Ni na ɗauki biro na lissafa kuɗin kujera, na juya shi zuwa namu, na ce wannan buhun gero nawa ne. Dogo ya ce dama an san ni, hannun jarirai. Gaskiyar da ban faɗa musu ba ita ce tsoro nake ji. Babban jirgi ma da addu'a na sauka daga cikinsa, balle mai farfela ɗaya a hanci. Sai ga wata hujja ta zo ta rufa mini asiri: ƙananan jiragen nan ba sa ɗaukar kaya fiye da kilo 15 ga mutum, kuma a jaka mai laushi, mu kuwa akwatuna muka zo da su irin na 'yan sari. Aka yanke shawara ni in bi mota da kaya, su su bi sama da 'yan jakunkunan hannu.

Da asuba Mushe ya dafa shayi a ɗaki. Butar shayinsa ya zo da ita tun daga gida, da kofuna uku a cikin safa don kar su fashe, da ƙunshin kilishi. Na farko kawai muka sha, motata ta iso. Ya wanke butar ya tura cikin akwatinsa ya ce na biyu da na uku sai a daji. Ina jan kaya zuwa ƙofa Dogo ya ɗaga murya ya ce, "Ɗan dako, ka kula da kayan iyayen gidanka." Na juyo na yi masa daƙuwa. Wannan ita ce maganarmu ta ƙarshe, daƙuwa.

Hanyar ba zan manta da ita ba, kuma na daɗe ina jin kunyar cewa na ji daɗinta. Muka fita cikin hazo, muka kai bakin wani gangare inda ƙasa ta tsage ta yi kwari iya ganinka, muka gangara, muka wuce garin Narok. Na ga Masai da jajayen mayafai suna kiwo, sanda a wuya hannu biyu a rataye, kai ka ce Fulaninmu ne na wajen Tanut. Bayan azahar muka shiga ta ƙofar Sekenani. Ba mu yi nisa ba direba ya tsaya ya kashe mota. Ga su nan. Tun daga gefen hanya har inda ido ya ƙare baƙi ƙirin, suna tafe suna wani gurnani kamar kwaɗi a tafki, jakunan dawa a tsakaninsu. Na fito da waya ina ɗauka ina dariya ni kaɗai, ina shirya abin da zan ce wa Mushe: kai ka gan su kamar tururuwa, ni na ji warinsu.

A masaukin daji wata mata ta karɓe ni, ta dubi takarda, ta tambaye ni da Turanci ina sauran biyun. Ni Faransanci na yi a makaranta, Turancina na gaisuwa ne, Mushe ne tafintanmu. Da hannu da ka na nuna mata sun riga ni, jirgi suka biyo. Ta ce motarsu ta je filin sauka tun da hantsi, ta jira, ta dawo babu kowa, sun ɗauka ra'ayi muka canza. Ta shiga ciki ta buga waya. Ina tsaye ina kallon bayanta ta taga, na ga ta daɗe ba ta magana, saurare kawai take. Direbana ya shiga ya fito, ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Pole sana." Ban san kalmar ba a ranar. Daga baya na ji ta har ba iyaka, ita ce sannunsu ta ta'aziyya.

Jirgi ya ɓace, abin da aka sani ke nan a daren. Ya tashi, an yi magana da matuƙin sau ɗaya, daga nan shiru. Hazo ya hana masu nema tashi har duhu ya yi.

Kenya tana gaban Nijar da awa biyu. Na zauna bakin tanti ina kallon agogo ina lissafin me ake yi a gida, kamar lissafin zai sa in fasa kira. Da aka yi isha'i a gida, dare ya yi nisa a Kenya, na kira Liman. Yana ɗauka na jiyo fada gaba ɗayanta, ƙarar kofi a faranti, rediyo, kabu-kabu na wucewa. Ya ce, "'Yan yawon duniya, kun ga zakin?" Na ce, "Liman, tashi ka fita daga cikin mutane." Na ji takunsa a kan tsakuwa. Da na gaya masa ya yi salati, ya yi shiru, sannan ya ce kada in gaya wa kowa sai an tabbatar, shi zai kwana da abin. Mu biyu muka kwana da shi, shi a Birni ni a dajin da kuraye ke kuka. Na yi ta kiran wayar Dogo har cajina ya ƙare.

Da safe aka gan su a jikin wani tudu mai itatuwa, ba su yi nisa da tashi ba. Mutum shida ne a ciki har da matuƙi. Babu wanda ya fita.

Kwanakin da suka biyo baya na takarda ne da jira a kan benci. Allah ya haɗa ni da wani Bakano ɗan kasuwa mazaunin Nairobi, a masallacin Jamia na tsakiyar gari na same shi, ya ji ina waya da Hausa ya tsaya. Wannan bawan Allah ya rufe harkarsa ya bi ni ofis ofis yana yi mini tafinta. Wuta ta tashi bayan faɗuwar, don haka ba a ce in duba fuska ba. Wani likita ya zube abubuwa a faranti. Na ga zoben azurfa ƙirar Agadas wanda Dogo ba ya cirewa ko wajen alwala sai dai ya juya shi. Mushe kuma ƙarfen da aka sa masa a ƙafa shekarun baya, lokacin da kabu-kabu ya kayar da shi, shi ya bayyana shi. Na sa hannu a inda aka nuna mini.

Sai maganar inda za a rufe su. Yayan Mushe ya so a kawo gawa gida, kuma ban ga laifinsa ba. Amma ɗaukar gawa a jirgi daga ƙasa zuwa ƙasa sai an yi mata magani, an sa ta a akwatin da aka liƙe, an bi takardun ƙasashen da za a ratsa, ga kuɗi, ga kwanaki. Mahaifin Dogo, tsoho mai shekara tamanin da wani abu, shi ya raba gardama. Liman ya kara masa waya a kunne, ya ce mini, "Ɗana, ƙasar Allah ɗaya ce. Wadda ta kira su ita za ta riƙe su. Ka rufe 'yan'uwanka, kada ka bar su suna jira." Ya karanto ƙarshen Suratu Luƙman, inda Allah ya ce rai bai san a wace ƙasa zai mutu ba. Muryarsa ba ta yi rawa ba. Tawa ce ta yi.

Musulmin garin suka yi musu sutura. Da yake jikin ba zai ɗauki wanka ba, taimama aka yi musu. Somalawa da Suwahilawa da ban taɓa gani ba suka cika sahu uku, suka ɗauki makara suna karɓa-karɓa kamar 'yan unguwarsu ne. Ƙasar wurin ja ce, mai danshi, tana manne wa hannu, ba irin rairayinmu ba. Kabari biyu kusa da juna. Ni kaɗai ne a wurin na san Dogo ba ya cin kuɓewa, na san Mushe na tsoron allura.

A gida kuma, na ji daga baya, an ɗan yi ja-in-ja kan sallar gawa daga nesa. Wasu matasa suka ce a yi, ai Annabi ya yi wa Najashi sarkin Habasha. Malaman unguwa suka ce mu Malikawa ne, ba a san mu da ita ba, kuma tunda an sallace su a can magana ta ƙare. Aka tsaya a kan addu'a da sadakar uku.

Na iso Damagaram sadakar bakwai ta wuce da kwana uku. Gidan su Dogo na fara kai akwati, ƙanensa ya karɓa ya shige da shi. Gidan Mushe ne ya karya ni. Matarsa tana cikin takaba, daga bayan labule ta ce, "Sannu da hanya, ka sha wahala." Ni ake yi wa sannu. Mahaifiyarsa ta ce a buɗe akwatin a gabanta. Aka zuge, ga butar shayi a sama, ganyen safiyar nan ɗaya ya bushe a bakinta, ga kofuna uku cikin safa ko ɗaya bai fashe ba. Tsohuwa ta ɗauki safar ta sansana, ta ce, "Ko kunya ba ya ji, safa mai datti." Sai ta rufe fuska da ita.

Abin da ban shirya masa ba shi ne bakin mutane. A zaman makoki babu wanda ya faɗa a gabana, amma Damagaram ba ta da faɗin da magana za ta ɓace. Me ya kai su? Kallon namun daji? Kuɗin da ya isa mutum ya fara tanadin kujerar Makka? Wani dattijo da nake girmamawa ya ce da a hanyar Hajji ne da an ce sun dace. Na gane a lokacin cewa a garinmu mutuwar tafiya iri-iri ce, kuma kowace da irin jajen da ake yi mata. A 2013, da aka tsinci gawar mutum 92 a sahara kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga wajen Kance, ƙishirwa ta kashe su, duk garin nan ya yi kuka kuma babu wanda ya tambayi me ya kai su, don kowa ya san talauci ne. Wanda ya mutu a hanyar fatauci an ce neman halali ya fita. Amma mutum ya mutu don ya je ganin abin da ransa ke so, wannan ba mu da wurin ajiye shi. Har yau ina ganin rashin adalci ne. Mushe bai ci kuɗin kowa ba, bai bar gidansa da yunwa ba, halittar Allah ya je kallo. Sau ɗaya na faɗi haka da ƙarfi a wani shago, aka ce a yi mini uzuri, abin ne bai sake ni ba.

Kuma bai sake ni ba ɗin. Wata shida ban zauna a fada ba, in na hango bedin nan sai in canza lungu. Mutane suna ce mini Allah ya yi da sauran kwanana, in ce alhamdu lillahi, a zuciyata kuwa ina cewa rowa da tsoro ne suka cece ni, ba wani abin kirki ba. Da na dage a daren nan cewa duk mu bi mota, Dogo zai yi ta mita amma zai bi. Na san wannan tunani ba ya da kyau, Liman ya sha gaya mini cewa "da na sani" ƙofar Shaiɗan ce. Ina jin sa. Da dare kuma tunanin ya dawo.

Bayan fiye da shekara Bakanon nan ya turo mini rahoton masu bincike, wani ɗalibin Mushe da ke jami'a ya zauna ya fassara mini shafi shafi. A nan na san cewa irin wannan bincike, bisa ƙa'idar sufurin sama ta duniya, ba don a kama mai laifi ake yin sa ba, don a hana sake aukuwa ne. Na san kuma ƙananan jirage irin wannan yawanci ba sa ɗauke da na'urar naɗar bayanai da ake nema in babban jirgi ya faɗi, don haka babu muryar kowa, babu kalmar ƙarshe. Injin lafiyarsa lau. Matuƙin da ido yake tuƙi, yana bin ƙasa yana ratsa ƙarƙashin girgije, girgijen ya yi ta saukowa, tudu kuma yana tasowa, har suka haɗu. Yaron ya ce daga shiga hazon zuwa ƙarshe abin bai daɗe ba. Na sa ya maimaita mini wannan wurin sau biyu.

Akwai wani labari da Mushe kan ba mu wanda sai yanzu ya zauna mini. Ranar 19 ga Satumba 1989 jirgin UTA da ya taso daga Njamena zai je Faris ya tarwatse a kan Tenere, bam aka sa masa, mutum 170 suka mutu. A 2007 iyalansu suka zo cikin saharar nan tamu suka jera baƙaƙen duwatsu, suka fitar da siffar jirgin a kan rairayi, suka kewaye ta da fasassun madubai 170, suka kafa fiffike ɗaya a tsaye da sunayen mamatan. Lokacin da yake ba mu labarin ni ne na ce aikin banza, wa zai je can ya gani. Yanzu duk shekara ina tura wa wani mai gadin maƙabarta a Nairobi ɗan abin da ya samu, ya cire ciyawa, ya ɗauko mini hoton tudu biyu na jar ƙasa. Hoton ba ya canzawa. Ina adana kowanne.

Babban ɗan Mushe yana da shekara tara lokacin, yanzu ya shiga goma sha shida, tsayin uban da tafiyar uban. Shi ke dafa mana shayi a fada in an yi hutu, da butar nan. Watannin baya, Liman ya tashi alwala, ya rage daga ni sai shi, ya ce, "Baba, shi bai gan su ba ko?" Na ce bai kai ba. Ya ce, "Kai fa?" Shekara bakwai bidiyon nan yana cikin tsohuwar wayata ban nuna wa kowa ba, saboda ana jin dariyata a ciki. Na je gida na ɗauko ta, muka jira ta yi caji, na miƙa masa. Ya kalla sau uku, shayi ya tafasa ya zube a gawayi bai kula ba. Ya tambaye ni me ya sa suke wannan kuka, na ce ban sani ba, ubanka ne zai sani.

Ya ce in ya ci jarrabawar bak ta gama sakandare yana so in kai shi, ya ga kabarin, ya ga dabbobin. Na ce sai mun ga abin da Allah ya yi. Amma tun watan nan na fara ware jikka ashirin ina ba Liman ajiya. Ban gaya wa mahaifiyar yaron ba tukuna, kuma ban san ta inda zan fara ba.